FASHIN BAƘI: Wa ke ɗaukar nauyin gurfanar da masu laifi a kotu? Yadda lamarin yake daga Zariya zuwa Abuja

A kan takardar tuhumar da ake karanta wa wanda ake zargi da fashi ko kisan kai a Babbar Kotun Jihar Kaduna da ke Dogarawa a Zariya, ba sunan wanda aka cuta ake rubutawa a matsayin mai ƙara ba. Gwamnati ce mai ƙara. A kotun majistare kuma, sunan Kwamishinan 'Yan Sanda ake sa wa. Ma'anar wannan a shari'ance ita ce, laifi ta'adi ne ga al'umma baki ɗaya, saboda haka al'umma ce ya kamata ta biya kuɗin bin kadinsa daga baitulmalinta.

Abin da ke rubuce ke nan. Amma wanda ya taɓa kai ƙarar sata ko ta fyaɗe ofishin 'yan sanda ya san akwai tazara tsakanin rubutun da abin da ke faruwa a ƙasa. Wannan bayani ya duba su wane ne masu gabatar da ƙara, abin da aikinsu ke ci, inda kuɗin ya kamata ya fito, da kuma wanda nauyin ke komawa kansa idan kuɗin bai fito ba.

Me ake nufi da kuɗin gabatar da ƙara?

Kuɗin kashi biyu ne. Na farko shi ne na mutanen da ke aikin: albashin lauyoyin gwamnati da na 'yan sanda masu gabatar da ƙara, alawus ɗinsu, horonsu, ofisoshinsu, littattafan shari'a da kuma tsaron lafiyarsu. Na biyu shi ne kuɗin da kowace shari'a ke ci ita kaɗai: man motar zuwa inda aka aikata laifin, ɗaukar hoto, gwajin likita ko binciken gawa, kwafar fayil, kai sammaci, kuɗin motar shaidu da masaukinsu, adana kayan shaida, da bin shari'ar har kotun ɗaukaka ƙara idan ta kai can.

Kashi na farko yana fitowa ko yaya, domin albashi ne. Kashi na biyu shi ne ke maƙalewa, alhali shi ne ke raba shari'ar da za ta kai ga hukunci da wadda za ta mutu a hanya. Alƙali ba ya hukunci da jita-jita. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar da laifinsa, kuma nauyin tabbatarwar yana wuyan mai gabatar da ƙara. Kowace hujja da zai ajiye gaban alƙali, sai da aka kashe kuɗi kafin ta iso.

Su wane ne masu gabatar da ƙara?

Kundin Tsarin Mulki ya ɗora ikon a hannun Antoni Janar. Sashe na 174 ya ba Antoni Janar na Tarayya, sashe na 211 kuma ya ba na jiha, ikon shigar da ƙarar laifi, karɓe ta daga hannun wanda ya shigar, ko dakatar da ita kafin a yanke hukunci. A Jihar Kaduna, kamar sauran jihohi, Antoni Janar shi ne kuma Kwamishinan Shari'a, kuma gwamna ke naɗa shi. A ƙarƙashinsa akwai Daraktan Gabatar da Ƙararraki da lauyoyin gwamnati, waɗanda ke riƙe da manyan laifuffuka irin su kisan kai, fashi da makami da garkuwa da mutane.

Sai 'yan sanda. Su ne ke gabatar da mafi yawan ƙararrakin yau da kullum a kotunan majistare, irin ta Ƙofar Fada da ta Chediya, da kuma kotunan shari'ar Musulunci: sata, faɗa, zamba, cin amana. A 2006, a shari'ar Osahon, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa 'yan sanda na iya gabatar da ƙara har a manyan kotuna. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 66, ta ba jami'in da ya zama lauya wannan iko, ta kuma ce a samar da aƙalla ɗan sanda lauya ɗaya a kowane babban ofishin yanki.

Rukuni na uku su ne hukumomin Tarayya masu lauyoyin kansu da kasafin kansu, irin su EFCC, ICPC, NDLEA da NAPTIP. Na huɗu kuma lauyoyi ne masu zaman kansu da Antoni Janar ke bai wa izinin gabatar da wata ƙara a madadinsa. Wani lokaci gwamnati ce ke biyansu, wani lokaci kuma mai ƙorafin da ke da hali shi ke neman izinin ya biya lauyan daga aljihunsa.

Yadda tsarin ya samo asali

Kafin zuwan Turawa, a kotun alƙali mai ƙara shi ke zuwa da shaidunsa, kuma babu wani ofishi na dabam da ke tsayawa a madadin gwamnati. Manyan shari'o'in jini sarki ne ke sauraronsu a majalisarsa. Bayan an kafa baitulmalin hukumomin gargajiya a farkon ƙarni na 20, alƙalai da 'yan doka suka koma cin albashi daga asusun En'e.

Babban sauyin ya zo ne gab da samun 'yancin kai. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawarwarinsa ne suka haifar da kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, tare da kundin tsarin gudanar da shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960. Zariya na da hannu dumu-dumu a wannan aiki, domin a Cibiyar Koyar da Aikin Mulki da ke Kongo aka horar da alƙalai da ma'aikatan kotu kan sababbin dokokin. A harabar Kongo ɗin ce Tsangayar Koyon Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take har yau.

Daga ƙarshen shekarun 1960, gwamnatin soja ta karɓe kotunan gargajiya ta miƙa wa jihohi, ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya, ta kuma mayar da gidajen yari hannun Tarayya. Daga nan aikin da a da asusu ɗaya ke ɗauka ya rarrabu tsakanin gwamnatoci biyu.

Tafiyar fayil daga Hanwa

Domin a fahimci inda kuɗi ke shiga, a ɗauka misali an tare wani ɗan kasuwa da makami a Hanwa an ƙwace masa babur, kuma matasan unguwa sun kama mutum ɗaya sun miƙa wa 'yan sanda.

Matakin farko bincike ne. Ɗan sanda mai bincike zai je wurin, ya ɗauki bayanan shaidu, ya kai wanda aka raunata asibiti a samo rahoton likita. Tun da laifin babba ne, za a tura shi sashen binciken manyan laifuffuka da ke Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80. Wanda ake zargi, kayan shaida, mai ƙorafi da shaidunsa duk sai sun yi wannan tafiya.

Mataki na biyu, za a kai wanda ake zargi gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami, iyakarsa ya ba da umarnin tsarewa a gidan gyaran hali. Za a kwafi fayil a aika Ma'aikatar Shari'a, lauyan gwamnati ya karanta ya ba da shawara: ko akwai hujjar da za ta iya tsayawa a kotu, ko babu a sallami mutumin.

Mataki na uku, idan akwai hujja, za a shirya tuhuma a shigar Babbar Kotu. Nan kuma sai an kai wa kowane shaida sammaci, an fito da wanda ake tuhuma daga gidan gyaran hali a kowane zama, an nemo ɗan sandan da ya yi binciken, wanda ta yiwu an riga an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jihar, an kuma nemo likitan da ya rubuta rahoton.

Babu mataki ɗaya a cikin waɗannan da yake kyauta. Kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita a hukumance bai kai Naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura Naira 1,000. Duk kasafin zirga-zirgar da bai bi wannan tashin ba, ya ragu ke nan ko da adadinsa a takarda bai sauya ba.

Aiki ɗaya, aljihu uku

Tushen matsalar shi ne babu asusu guda da ake kira na gabatar da ƙara. Shari'a ɗaya tana ci daga aljihu uku, kuma babu mai iko da na ɗan'uwansa.

Aljihun farko na Gwamnatin Tarayya ne. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, don haka albashi da kuɗin bincike daga Abuja suke fitowa, duk da cewa galibin laifuffukan da ake bincika dokokin jiha suka saɓa wa. Abin da gwamnoni ke bayarwa na motoci da mai gudummawa ce, ba wajibi ba. A 2019 an kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da zai riƙa samun rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, amma a Janairun 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da Jihar Ribas ta shigar, ta ce cire kuɗin kai tsaye daga asusun ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki.

Aljihu na biyu na ɓangaren zartarwa na jiha ne. Ma'aikatar Shari'a ma'aikata ce kamar ta noma ko ta ayyuka. Majalisar dokoki na amincewa da kasafinta, amma sakin kuɗin gudanarwa yana hannun ma'aikatar kuɗi da gwamna. Kuma gabatar da ƙara ɓangare ɗaya ne kawai na aikinta, domin ita ce ke kare gwamnati a ƙararrakin da aka shigar da ita, ita ce kuma ke tsara ƙudurorin doka da yarjejeniyoyin kwangila.

Aljihu na uku na ɓangaren shari'a ne: alƙalai, magatakarda, masu kai sammaci da gine-ginen kotu. Wannan ɓangare ne aka fi yi wa fafutuka. Ma'aikatan kotuna sun rufe kotunan ƙasar sama da wata biyu a 2021 suna neman 'yancin sarrafa kuɗinsu. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran Kundin Tsarin Mulki da ya ƙarfafa wannan 'yanci a jihohi, a Agustan 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ƙara albashin manyan alƙalai da kashi 300 cikin ɗari. Babu ko ɗaya daga cikin matakan nan da ya shafi lauyan gwamnati ko ɗan sanda mai gabatar da ƙara, domin su ba ma'aikatan kotu ba ne. Ƙungiyar lauyoyin gwamnati ta ƙasa ta daɗe tana neman a daidaita albashin 'ya'yanta da na majistarori.

Abin da doka ta tanada

A 2015 aka kafa Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya, wadda ke aiki a kotunan Tarayya da na Abuja. Jihar Kaduna ta yi tata a 2017 bisa wannan tsari, tare da sabon kundin hukunta laifuffuka. Kano ta bi sahu a 2019.

Dokar ta Tarayya ta yi magana kan kuɗin shaidu ƙarara. Sashe na 251 ya ce wanda ya halarci kotu a matsayin shaidan gwamnati yana da haƙƙin a biya shi abin da ya kashe daidai gwargwado, sashe na 254 kuma ya ce magatakardan kotu ne zai biya daga kason da aka ware a kasafin ɓangaren shari'a. Wato mai gabatar da ƙara ne ke buƙatar shaidan, amma kuɗin motarsa yana wani ofishin da ba nasa ba.

Dokar ta kuma sa wa'adi. Umarnin tsarewa na farko kwana 14 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya, daga nan dole hukuma ta kawo dalili ko a saki mutum. Antoni Janar na da kwana 14 ya ba da shawara bayan fayil ya iso hannunsa. Idan an fara shari'a, a riƙa zama kullum, idan hakan bai yiwu ba kowane ɓangare ba zai nemi ɗagewa fiye da sau biyar ba.

Kowane wa'adi a nan yana da farashi. Ba da shawara cikin kwana 14 yana buƙatar isassun lauyoyi da fayil da ya iso kan lokaci. Zama kullum yana buƙatar shaidu da motar gidan gyaran hali kullum. An sa wa'adin a doka, amma ba a haɗa shi da wani kaso na dole a kasafin kuɗi ba.

Haka abin yake a laifin fyaɗe. A Satumbar 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Amma gwargwadon tsananin hukunci, gwargwadon ƙarfin hujjar da kotu za ta nema. Jihar na da cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ɗaya daga ciki tana Babban Asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya, inda ake duba su a rubuta rahoton likita. Irin wannan rahoto da aka yi kan lokaci yakan fi tsawon hukuncin da ke cikin doka tasiri a gaban alƙali. Gwajin ƙwayoyin halitta kuwa ya fi haka tsada. Jihar Legas ce ta fara buɗe cibiyar irin wannan gwaji mallakar jiha, a 2017.

Wanda nauyin ke faɗawa kansa

Idan kuɗin gwamnati bai iso ba, aikin ba ya zama kyauta, wani ne ke biya. Na farko shi ne mai ƙorafi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna nuna yadda ake neman wanda aka cuta ya ba da kuɗin mai, kuɗin kwafar fayil ko kuɗin ɗauko shaidu. Mai hali zai biya, shari'arsa ta tafi. Marar hali zai gaji ya ce ya bar wa Allah. Illar ba ta tsaya nan ba: jami'in da ya ci kuɗin ɓangare ɗaya da wuya ɗaya ɓangaren ya yarda da adalcinsa, kuma wanda ake zargi ma yana iya biya domin fayil ya kwanta.

Na biyu shi ne wanda aka tsare. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a sake shi, ko da bisa sharaɗi, idan ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba. Sai dai wannan kariya ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kuma irin waɗannan su ne fayilolinsu ke jiran shawarar lauyoyin gwamnati. A 2012 Kotun ECOWAS ta umarci Najeriya ta saki wani mutum da ya shekara tara a gidan yari a Legas bisa umarnin tsarewar majistare, ba tare da an taɓa yi masa shari'a ba.

Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun shafe shekaru suna nuna abu ɗaya: kusan mutum biyu cikin kowane uku da ke tsare jiran shari'a suke yi, kuma adadinsu ya haura 50,000.

Na uku shi ne baitulmalin da ake ganin an yi wa tattali. A Disambar 2023 shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa Naira 750 ake ciyar da ɗaurarre a yini. Daga baya an ƙara zuwa Naira 1,125. A wannan farashi, abincin mutum ɗaya a shekara ya kama Naira 410,625, na mutum 50,000 kuwa ya haura Naira biliyan 20. Fayil ɗin da ya kwanta shekara guda saboda kuɗin kwafa da na mota ya ci wa gwamnati ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙi kashewa.

Dalilin da ya sa wannan lissafi bai cika damun jihohi ba shi ne, mafi yawan waɗanda ke tsare dokokin jiha ake zarginsu da karyawa, amma Tarayya ce ke ciyar da su. Mai jinkirin daban, mai biyan kuɗin jinkirin daban. Gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2023 ya ba jihohi damar mallakar gidajen gyaran hali nasu, abin da zai iya haɗa jinkirin da kuɗinsa a aljihu ɗaya idan jihohin sun karɓi nauyin.

Darasi daga shari'o'i uku

A Janairun 2022 aka gurfanar da mai wata makaranta a Kano bisa sacewa da kashe ɗalibarsa 'yar shekara biyar. Antoni Janar na jihar na lokacin, Musa Abdullahi Lawan, shi ya jagoranci masu gabatar da ƙara da kansa, kuma a ranar 28 ga Yuli, 2022, Babbar Kotun Kano ta yanke hukunci. Wata shida kacal. Shari'ar ta nuna cewa idan gwamnati ta sa hankali da dukiya, dokokin da ake da su sun isa.

Ta biyu ita ce shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin soja da ke Kainji, Jihar Neja, wadda aka fara a Oktoban 2017 kan mutum 1,669. A zagayen farko an samu 45 da laifi, an ba da umarnin sakin 468. Da yawansu sun shekara da shekaru a tsare. An kashe kuɗi wajen kamu da tsarewa, ba a kashe kwatankwacinsa wajen tattara hujja ba.

Ta uku daga Zariya ta taso. Bayan arangamar Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci, Gwamnatin Kaduna ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba. Rahotonsa na 2016 ya ce fararen hula 348 da soja ɗaya ne suka mutu, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu. A 2018 jihar ta gurfanar da Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa, ta gabatar da shaidu 15. A shekarar ce Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce ana kashe Naira miliyan 3.5 duk wata wajen ciyar da malamin. A ranar 28 ga Yuli, 2021, Mai Shari'a Gideon Kurada ya sallame su bisa cewa hujjojin ba su kai a nemi su kare kansu ba. A ɓangaren sojoji kuwa, ba a ga an gurfanar da kowa a bainar jama'a ba.

Wannan ya nuna ɗaya fuskar lamarin. Tambayar ba ta tsaya ga nawa aka ware ba, har da wa ke zaɓar shari'ar da za a kashe wa kuɗin. Tun a 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da ikon bin diddigin dalilin Antoni Janar idan ya janye ƙara. Mai riƙe da wannan iko ɗan majalisar zartarwa ne, kuma kasafinsa yana hannun wanda ya naɗa shi. Yunƙurin raba ofishin Antoni Janar da na Minista ko Kwamishinan Shari'a yana cikin gyaran Kundin Tsarin Mulkin da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa wa hannu a 2015.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan aikin masu gabatar da ƙara, waɗanda aka amince da su a Habana ta ƙasar Kuba a 1990, sun ɗora wa gwamnatoci nauyin ba su albashi mai ma'ana, kare su da iyalansu idan aikin ya jefa su cikin haɗari, da barin su su yi aiki ba tare da katsalandan ba.

Ingila ta raba bincike da gabatar da ƙara a 1986, lokacin da ta kafa hukumar gabatar da ƙararraki mai kasafin kanta, 'yan sanda suka tsaya ga bincike. Afirka ta Kudu ta kafa hukuma guda ta ƙasa a 1998. Kenya kuwa, a Kundin Tsarin Mulkinta na 2010, ta cire Daraktan Gabatar da Ƙararraki daga ƙarƙashin Antoni Janar, ta ba shi wa'adin shekara takwas da ba a sabuntawa, majalisa kuma tana ware wa ofishinsa kasafi da sunansa. Babu ƙasar da ta rabu da ƙorafin ƙarancin kuɗi a cikinsu, amma a kowace ana iya nuna ofishi ɗaya a ce ga abin da aka ba shi, ga abin da ya yi da shi.

Abin da za a iya dubawa a Kaduna

Gyaran da masana shari'a suka fi ambata ba ya buƙatar sabon Kundin Tsarin Mulki. Na farko, a fitar da layi na musamman a kasafin Ma'aikatar Shari'a mai sunan kuɗin gudanar da ƙararrakin laifi, dabam da sauran kuɗin gudanarwa. Na biyu, a ajiye kuɗin shaidu a hannun magatakardan kowace kotu, a liƙa farashin a bango yadda mai zuwa daga Hanwa, Tudun Wada ko Giwa zai san haƙƙinsa. Na uku, a ajiye lauyoyin gwamnati kusa da ofisoshin 'yan sanda domin a ba da shawara tun ana bincike, a kuma riƙa aika fayil ta kwamfuta maimakon mota. Na huɗu, a riƙa wallafa adadin fayilolin da suka shigo, waɗanda aka ba da shawara a kansu da kwanakin da kowanne ya ɗauka.

Akwai kuma batun dukiyar da aka ƙwato daga masu laifi. Dokar Tarayya ta 2022 kan irin wannan dukiya ta tanadi asusu na musamman da ake zuba ta. Amfani da wani kaso nata wajen bincike da shari'a abu ne mai yiwuwa, amma yana da haɗari idan hukuma ta koma farautar shari'o'in da ke kawo kuɗi ta bar na talakawa.

Jihar Kaduna tana wallafa kasafin kuɗinta da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku. Mai son sanin matsayin gabatar da ƙara a wurin gwamnati yana iya buɗe shafin Ma'aikatar Shari'a da na Babbar Kotu, ya duba abu biyu: abin da majalisa ta amince a kashe a kuɗin gudanarwa, da abin da aka saki a zahiri. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce ake cikewa da kuɗin ɗan kasuwar da aka ƙwace wa babur, da kuma watannin wanda ke zaune a gidan gyaran hali na Ƙofar Doka yana jiran a karanta fayil ɗinsa.